Hukuncin aikin ƙwadago a gonakin inabin giya na yankin Langhe a Italiya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina zaune kusa da garin Alba, a tuddan Langhe da ke yankin Piemonte na Italiya, kuma aikin da muke samu a nan shi ne datse rassan inabi da hunturu da tsinkar 'ya'yansa da kaka. Inabin kuwa giya ake yi da shi. Ban taɓa sha ba, amma da wannan kuɗin nake ciyar da iyayena a gida. Shin halal nake ci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da tsarkin abin da kake aika wa iyayenka.

Inabi a kan kansa halal ne, nomansa da cinsa da sayar da shi duk halal ne, kuma Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomin Allah. Hukuncin yana sauyawa ne idan an san tabbas inda 'ya'yan za su je, kuma a yankinku babu kokwanto game da wannan. Nau'in inabin da ake kira Nebbiolo, wanda ake tsinka a watan Oktoba a tuddan Langhe, shi ne ake yin giyar Barolo da ta Barbaresco da shi, kuma dokar Italiya, wadda ta ɗora waɗannan giya biyu a matakin DOCG, wato matakin ƙoli na rajistar giya a ƙasar, tun 1980, ta shardanta a yi Barolo da Nebbiolo zalla, daga gonakin ƙananan hukumomi 11 kaɗai. Gonar da aka yi wa rajista a ƙarƙashin wannan doka ta bayyana manufarta tun kafin a dasa ta. Haka nau'o'in inabin Barbera da Dolcetto, su ma giya ake yi da su, haka kuma Moscato na wajen garin Asti, wanda wasu 'yan'uwa ke raina giyarsa saboda zaƙinta da ƙarancin barasarta, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Aikin yana da matakai, kuma adalci ne a rarrabe su. Matse inabi, zuba shi a ganga, ɗura giya a kwalba, lodinta a mota ko miƙa ta ga baƙi masu ɗanɗanawa, duk sun shiga kai tsaye cikin hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda aka la'anci mutum goma saboda giya, cikinsu har da mai matse ta, da wanda aka matse dominsa, da mai dakonta, da mai shayar da ita, da mai cin kuɗinta. Wannan ɓangaren ka nisance shi daga yau.

Tsinka da datse rassa ba a ambace su da suna a hadisin ba, don haka nauyinsu bai kai na matsa ba. Duk da haka malaman Malikiyya da na Hanbaliyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi giya, bisa faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 2, cewa kada a taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma wanda ya tsinko inabin ya kai shi bakin wurin matsa ya fi mai sayarwa kusa da aikin. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa, har ya halatta ladan dakon giyar wanda ba Musulmi ba, sai dai almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, kuma nassin hadisin yana tare da su. Abin da na rinjayar shi ne aikin bai halatta ba ga wanda yake da zaɓi.

Zaɓin kuwa akwai shi kusa da kai. A tuddan Langhe ɗin ana noman nocciola, wata irin gyaɗar bishiya, a Saluzzo kuma, cikin lardin Cuneo da kake, akwai gonakin tuffa da kiwi da suka daɗe suna ɗaukar ma'aikata 'yan Afirka. Idan aikin inabi ka ƙware a kai, a yankunan Puglia da Sisiliya na kudancin Italiya, kamar garuruwan Canicattì da Mazzarrone na Sisiliya, ana noman inabin ci da ake kaiwa kasuwa, kuma aiki a cikinsa halal ne.

Idan takardar zamanka tana rataye da wannan kwantiragi, ko barinsa nan take zai jefa ka cikin yunwa ko kwanan titi, to kana cikin lalura, ita kuma ana ƙiyasta ta ne gwargwadon buƙata. Ka ci gaba da aikin gona kaɗai, kana neman wani da gaske, ka bar shi da zarar ka samu ko da ladansa bai kai na wannan ba. Abin da ka riga ka karɓa kafin ka san hukuncin naka ne, kuma babu laifi a kan iyayenka cikin abin da suka ci. Allah ne mafi sani.