Tambaya da Amsa: Injiniyan gada da ya ƙera fiffiken jirgi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Me ya sa jiragen farko ke da fiffike biyu, sama da ƙasa, ga wayoyi a gicciye? Wa ya ƙirƙiro hakan? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah Ya cika maka burinka. Wanda ya kafa wannan ƙira sosai shi ne Octave Chanute, haifaffen Faris a 1832, wanda ya tashi a Amurka. Asalinsa injiniyan layin dogo ne. Shi ya gina gadar farko da ta ƙetare kogin Missouri a Kansas City a 1869. Sai da ya manyanta ya juya ga harkar tashi sama.

Matsalar lokacin ita ce katako da yadi. In an yi fiffike guda mai tsawo, ko dai ya yi nauyi ko iska ta karya shi. Chanute ya ɗauko dabarar gada: fiffike biyu, sanduna a tsaye a tsakaninsu suna tokare, wayoyi a gicciye suna ja. Sanda na jure danni, waya na jure ja, sai abin ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Amma fa in waya guda ta saki, fiffiken zai murɗe, jirgin ya karkata. Kuma wayoyin na tare iska, shi ya sa aka bar su da aka samu ƙarfe mara nauyi.

A 1896 ya gwada jirage marasa inji a tuddan yashi na bakin tafkin Michigan, matasan mataimakansa ke tashi da su. Ya fara da mai fukafukai 12, ya ƙare a kan mai biyu.

A ganinmu alƙalaminsa ya fi jirginsa amfani. Littafinsa na 1894, Progress in Flying Machines, ya tattara gwaje-gwajen magabata, har da waɗanda suka faɗi da dalilin faɗuwarsu. A 1900 Wilbur Wright, wanda shi da ƙaninsa Orville ke ƙoƙarin ƙera jirgin sama a Amurka, ya rubuto masa wasiƙa, suka yi shekaru suna musayar bayanai. Inda suka saɓa: Chanute na son jirgi ya daidaita kansa, su Wright suka ce matuƙi ne zai sarrafa shi ta hanyar murɗa bakin fiffike. Da ƙirarsa da dabararsu suka tashi da jirgi mai inji a Disambar 1903. Chanute ya rasu a Chicago a 1910.