Me ya sa kwamfuta ke tsayawa a 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja a Jos. Na sa kwamfuta ta yi ta ƙara ɗaya a kan lamba, da ta kai 2,147,483,647 sai ta faɗa ƙasa da sifili. Wace irin lamba ce wannan? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo.

Amsa: Ɗana, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, za ka samu 2,147,483,648. Cire ɗaya, ga lambarka. Gurabe 32 aka ba manhajarka ta ajiye lamba, kowanne 0 ko 1. Gurbi guda na alama ne, shi ke nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa. Sauran 31 in duk suka zama 1, wuri ya ƙare, ƙarin ɗaya sai ya juya ta zuwa −2,147,483,648, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta koma baya.

Ita kanta lambar mara ce, ba cika ba, tun da 7 ta ƙare. Jimlar alƙalumanta goma 46 ce, kuma 3 ba ta raba 46 ba saura, don haka ita ma lambar taka 3 ba ta raba ta. Kada ma ka wahalar da kanka da sauran: babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Firam ce ke nan, kuma daga dangin Mersenne, wato firam ɗin da ake samu in an ninka 2 da kanta aka cire ɗaya. Dangin na farawa da 3, 7, 31, 127, ita ce ta takwas. Ba kullum dabarar ke ci ba: 2 guda 11 na ba da 2,047, wadda 23 sau 89 ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar firam ce a 1772, idonsa ma ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya san in tana da mai raba ta, dole a samu ɗaya da bai wuce 46,340 ba. Sannan duk firam da zai raba ta sai ya bar saura 1 ko 63 in aka raba shi da 248. Nan take dubban lambobi suka zube, 'yan kaɗan suka rage ya gwada. Ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har 1867.

Matsalarka kuwa ba kai kaɗai ba ne. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu 1970 za su ci karo da wannan iyaka ran 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Ka koma gurabe 64, iyakarka ta zama 9,223,372,036,854,775,807. Ita wannan ba firam ba ce, 7 ma na raba ta.