Me ake nufi da “sai an sauya tsari” a maganar sauyin yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a ƙasar Daura. Kowace damina ana kawo mana dashe, a tara ɗalibai, a ɗauki hoto, amma kafin bazara rabi ya bushe, sauran kuma awaki sun cinye. A rediyo ina jin masana na cewa matsalar sauyin yanayi ba za ta warware ba sai an sauya tsari baki ɗaya, na siyasa da na zamantakewa. Wane tsari ke nan? Anya ba wata hanya ba ce ta cewa talaka ya naɗe hannu ya jira gwamnati?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zarginka yana da tushe, don akwai manyan da ke fakewa da wannan magana duk lokacin da aka tambaye su ina aka kwana. Sai dai maganar kanta gaskiya ce, kuma misalinta mafi ƙarfi da na sani yana dab da kai. Ka fita ta Kwangwalam ka nufi Matamaye, ko ka zaga Magarya da Mirya a jihar Damagaram, ka dubi gonakin gero a gefen hanya. Za ka ga gawo birjik a tsakiyar gonaki, wani wurin har ka ɗauka daji ne. Yawancinsu babu wanda ya dasa su, kuma a farkon shekarun 1980 da yawa daga cikin gonakin nan fili ne fetal.

Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun kwatanta tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200. An kuma ƙiyasta ƙarin hatsin da hakan ke kawowa da kusan tan 500,000 a shekara. Gawo ne jigon abin, saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki da yake bai wa ƙasa, ga 'ya'yansa da dabbobi ke ci da rani.

To da farko, yaya aka yi itatuwan suka ɓace? Fari ya yi nasa ɓarnar, na 1973 da na 1984, ƙaruwar jama'a ma ta yi nata. Amma akwai hannun doka. A 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, wadda ta sa daji da manyan itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma. Bayan 'yancin kai a 1960 aka ci gaba a kan wannan turba, har dokar Nijar ta 1974 ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, ciki har da gawo. Ana iya cin manomi tara don ya sare reshe a gonar da ya gada kaka da kakanni. Malaman gona kuma na koyar da cewa gona ta gari ita ce wadda aka share tas. Ka sa kanka a matsayin manomin nan, Malam. Tsiro ya fito a gonarka. In ka bar shi ya girma, ya zama na gwamnati, ya jawo maka ma'aikacin gandun daji da takardar tara, kuma duk mai gatari zai iya sare shi da dare tunda ba ka da bakin cewa naka ne. Mai hankali kashe shi zai yi tun yana ƙarami, kuma haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

An fi sanin labarin Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona tare da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi. A 1983 ya lura cewa 'yan sabara da kalgon da ake sharewa kowace shekara toho ne na kututturen da saiwarsu ke raye a ƙasa. In an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka datse sauran, cikin shekaru kaɗan sai su zama bishiya. Shi ake kira sassaben zamani. Mutumin ya cancanci yabo, an ma ba shi lambar Right Livelihood a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Amma dabarar ita kaɗai ba ta isa ba. A yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona, mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, da yawansu suka koma suka sare.

Abin da ya sa ta zauna da gindinta shi ne manomi ya fara jin cewa bishiyar tasa ce. Yadda hakan ya faru kuwa ba zai yi wa gwamnatoci daɗin ji ba. Kuɗin yuraniyom, ma'adinin da gwamnatin Nijar ke dogaro da shi, ya faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya bushe, ma'aikatan gandun daji suka rasa abin zagaya ƙauyuka. Taron ƙasa na 1991 ya zo, bakin talaka ya buɗe. Manoma suka riƙa barin itatuwa suna amfani da su, babu mai hana su. Daga baya doka ta biyo sawu: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan a Yulin 2020 aka fitar da ƙudurin da ya amince ƙarara da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da dokokinsu da tararsu, ba tare da jiran wani daga Yamai ba.

Wani zai ce ai ruwan sama ne ya dawo daga shekarun 1990. Ya taimaka, babu musu. Amma ruwa bai san iyaka ba, kuma a wasu wurare hotunan sama sun nuna itatuwa sun fi yawa a ɓangaren Nijar fiye da namu. Ba wai manominmu bai san darajar bishiya ba ne. Wani mai bincike, Michael Mortimore, ya daɗe da nuna cewa a ƙauyukan kewayen Kano, inda gona ke da mai ita sananne, ɗorawa da kuka da tsamiya ba su ɓace ba duk da cunkoson jama'a.

Wannan shi ne tsarin da ake magana: wa ke da ƙasa, wa ke da bishiya, wa ke yanke hukunci, kuma a kan me ake biyan kuɗi. Dashen makarantarku ya mutu ne saboda galibi lissafin irin wannan aiki a kan adadin da aka dasa yake ƙarewa, ba a kan wanda ya rayu ba. Da za a ce ba a kammala biyan ɗan kwangila sai dashen ya ga rani biyu, a kuma san wanda zai ci amfaninsa, da ka ga shinge da ban ruwa. Wannan buƙata ce da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya kai wa kansila da ɗan majalisa, kuma kai ta ɗin ba naɗe hannu ba ne.

A babban mataki ma haka abin yake. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ɗauki alkawarin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan miliyan 4 kawai aka cimma a yankin da aka shata. Nijeriya na da hukumar shirin tun 2015, mai aiki a jihohi 11 ciki har da Katsina, tana da dokar sauyin yanayi ta 2021. A ganina takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne a taɓa wuraren da ke da zafi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma wanda ke noma gonar aro ko ta haya ba zai reni gawon da ba shi da tabbacin cin moriyarsa ba. Mata ne suka fi wahalar neman itacen girki, su ne kuma mafi ƙarancin gona. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, iskar gas ta yi tsada, gidaje da yawa sun koma gawayi, kuma kowane buhunsa daga jikin wata bishiya ya fito.

Kada kuma mu yaudari kanmu: gawon Magarya ba zai sanyaya duniya ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama ta. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara tun taron Kofanhegan na 2009, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne.

Sauran babban ƙulli shi ne makiyayi. Idan kowace bishiya ta sami mai ita, Bafulatanin da ke saran ganye wa shanunsa da rani ya zama ɓarawo ke nan a idon manomi. Kwamitocin Ɗan Saga sun sa makiyaya da mata a cikinsu saboda wannan, kuma dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi. A wajenmu, dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, burtali da yawa an nome su, kuma a Zamfara da yammacin Katsina akwai gonakin da manomi ba ya iya zuwa ma, balle ya datse toho.