Kai saƙo a babur: in ci gaba ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Shekara biyu ke nan ina kai abinci a babur ta wata manhaja a Abuja. Jiya a Maitama maigadi ya tsayar da ni a bakin ƙofa har shinkafar ta huce, matar gidan kuma ta ba ni tauraro ɗaya a manhajar, wato maki mafi ƙanƙanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ke saura a aljihu bai taka kara ya karya ba. Amma wallahi ina son aikin, ba mai tsaya mini a ka. In bari? Daga wani matashi, Mararaba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar maigadin nan ta taɓa ni, domin laifin ba naka ba ne. Nan gaba ɗauki hoton ƙofar da lokacin isowarka, ka tura wa kamfanin.

Kada ka yi gaggawar ajiyewa. Samu ɗan littafi, sati biyu kana rubuta kuɗin fetur, baƙin mai, data da na bakanike. Dawowa ba kaya daga Gwarinpa zuwa Wuse ita ke cinye riba, don haka jira saƙo kusa da inda ka sauke. Hular kwano kuwa, ko zafi ya kai ina, kada ka cire ta. Ka sake rubuto mini da lissafin, mu duba tare.