Tambayoyi da Amsoshi: Sarrafa Wi-Fi na Gida Daga Kan Kwamfuta

Saƙonnin wannan makon kusan duk a wuri guda suka haɗu, wato kan rauta, ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba intanet a cikin gida. Na zaɓi guda biyar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wanda ya haɗa mana Wi-Fi da wayarsa ya yi komai, sannan ya sa mini manhajar rautar a tawa. To ni idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, kuma a kan kwamfuta nake wuni. Na nemi irin wannan manhajar ta kwamfuta ban samu ba. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Dalilin da ya sa ba ka samu ba shi ne, a mafi yawan rautoci ba a buƙatarta. Rauta ita kanta ƙaramar kwamfuta ce, kuma a cikinta akwai shafin da aka ajiye don mai gida ya shiga ya yi gyare-gyarensa. Da burauza ake buɗe shi, ko Chrome ne ko Firefox ko Edge, duk ɗaya. Tun kafin a san wata manhajar waya ta nan ake shiga, kuma har yau wannan ƙofar ta fi faɗi. Manhajar waya galibi abubuwan yau da kullum take nuna maka, kamar sauya kalmar sirri da ganin waɗanda ke kan layin. Sauran saituttukan masu zurfi suna can cikin shafin.

Ga yadda za ka yi. Da farko ka tabbatar kwamfutar tana haɗe da rautar. Sai ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin rautar a dogon gurbin nan na can sama inda ake sa adireshin shafi. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Rautocin Huawei masu amfani da layin sim sun fi amfani da 192.168.8.1, na Xiaomi kuma 192.168.31.1. Wasu kamfanonin sun sauƙaƙa, sun ba da suna maimakon lamba: TP-Link na da tplinkwifi.net, Netgear na da routerlogin.net, Asus kuma router.asus.com. Ka kifa rautar ka duba ƙarƙashinta, akwai takardar da aka liƙa, a nan ake rubuta adireshin.

In takardar ta goge ko an ɓare ta, kwamfutar da kanta za ta gaya maka. A Windows, danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙin allo zai fito. Rubuta ipconfig. A cikin layukan da za su zubo, nemi wanda aka rubuta “Default Gateway”, lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka. A Mac kuwa, shiga saitin Wi-Fi, buɗe bayanan layin da kake kai, a sashen TCP/IP za ka ga an rubuta “Router” da lambar a gefe.

Kada ka yi mamaki in ka tarar lambar taka iri ɗaya ce da ta maƙwabcinka. Tun 1994 aka keɓe lambobin da suka fara da 192.168, da masu farawa da 10, da wani kaso na masu farawa da 172, don amfanin cikin gida da ofis kawai. Ba sa fita intanet. Shi ya sa ko data ta ƙare ƙarƙaf, shafin rautar zai buɗe, domin tsakaninka da akwatin ne, babu ruwan kamfanin sadarwa.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe uku ne. Wani zai rubuta lambar a akwatin binciken Google, sai a jero masa shafukan da ba su da alaƙa da rautarsa, wasunsu ma na 'yan damfara ne da ke jiran ya sa kalmar sirrinsa. Wani kuma VPN ce a kunne, manhajar nan da ke bi da kai ta wata hanyar daban kafin ka isa intanet, ta ɗauke shi ta kai wata ƙasa alhali rautar na kan tebur a gabansa. Na uku shi ne wanda ke kan layin baƙi, wato Wi-Fi na daban da ake buɗe wa masu ziyara, wanda da gangan aka toshe masa hanyar shiga shafin.

Shawara ɗaya da zan nanata: in har kwamfutarka na da ramin kebul ɗin intanet, ka sa kebul daga ita zuwa ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN a bayan rautar kafin ka taɓa komai. Ni kaina sai da na sha wuya na koyi wannan. Wata rana na sauya sunan layi da kalmar sirri a tare, ina kan Wi-Fi, ashe na tsallake harafi ɗaya wajen rubutawa. Ina danna ajiyewa rautar ta watso ni waje, kalmar da nake zaton na sa ta ƙi shiga, ga mutanen gida kowa ya ɗago kai yana kallona. Da akwai kebul, da ban ko motsa daga kujera ba zan gyara. Wannan ita ce babbar fa'idar kwamfuta a kan waya a wannan aikin.

TAMBAYA: Malam na kai ga shafin, ya nemi suna da kalmar sirri. Na sa wadda muke shiga Wi-Fi da ita har sau biyar, ya ƙi. Ko an yi mana kutse ne?

AMSA: Kwantar da hankalinki Malama, ba kutse ba ne. Makullai biyu ne daban. Kalmar Wi-Fi ta shiga gida ce, kowa a gidan yana da ita. Ta shafin kuwa ta ɗakin mai gida ce. Tsofaffin rautoci kan zo da admin a matsayin suna, admin a matsayin kalmar sirri, ko wata da aka buga a takardar nan ta ƙasa. Sababbi kuwa sukan tilasta wa wanda ya fara haɗawa ya ƙirƙiri tasa. Don haka ki fara tambayar wanda ya haɗa muku. A wasu rautocin, in an ɗaure su da asusun kamfanin ta manhajar waya, to imel da kalmar sirrin wannan asusun ne za su buɗe shafin.

In duk an rasa, sai a koma ga ɗan ramin nan da aka rubuta “Reset”. Ki sa tsinke ki danne na kimanin daƙiƙa 10 rautar tana kunne, har fitilun su sauya. Amma ki sani komai zai goge, ta koma yadda ta fito daga kwali. In intanet ɗinku na kebul ne kuma kamfanin ya sa wani suna da lambar sirri na musamman a cikinta, irin tsarin da ake kira PPPoE, to ki nemi waɗannan bayanan a hannu tukuna, in ba haka ba za ki buɗe shafin ki rasa intanet ɗin, an gudu ba a tsira ba.

Da zarar kin shiga, in admin ce har yanzu, ki sauya ta nan take. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, kyamarori da rautoci, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai gwada irin waɗannan kalmomin da masu su ba su taɓa sauyawa ba. Sannan ki nemi inda aka rubuta “Backup”, ki sauke fayil ɗin saitin ki adana a kwamfuta. Ran da aka sake gogewa, da shi za ki dawo da komai cikin minti biyu.

TAMBAYA: Burauza ta ce mini shafin “Not secure” ne. In ci gaba?

AMSA: In lambar da ka rubuta ita ce ta rautarka kuma kana cikin gidanka, ci gaba. Burauza na neman takardar shaidar da wata hukuma ta waje ta sa wa hannu, rauta kuwa ko dai ba ta da ita, ko ita ta sa wa kanta hannu. Amma in shafin banki ne ko na imel ya nuna maka wannan gargaɗin, tsaya cak.

TAMBAYA: Na bi duk matakan da ake faɗa, amma tawa Google Nest Wifi ce, kuma babu inda zan sauya komai a burauza. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: Ba ka yi kuskure ba ɗan'uwa, haka aka ƙera ta. Google ya tsara nasa rautocin ne a riƙa sarrafa su ta manhajar Google Home a waya. Haka eero, wanda Amazon ya saya a 2019, shi ma sai da manhaja. Jerin Deco na TP-Link na tsaka-tsaki ne: da manhaja ake haɗa su, wasunsu suna da shafin burauza, amma abin da za ka iya yi a cikinsa kaɗan ne. Kamfanonin na cewa don sauƙi ne, kuma gaskiya wanda bai taɓa haɗa rauta ba zai ji daɗinsu. Sai dai ni abin bai kwanta mini ba. Akwatin da ka saya da kuɗinka, yana cikin ɗakinka, amma sai ka buɗe asusu a wani kamfani kafin ka sauya masa suna, kuma ran da intanet ya yanke, lokacin da ka fi buƙatar leƙawa ciki, wasu abubuwan ba za su taɓu ba.

Dabarun da suka rage duk na zagaye ne, wato ka kawo wayar cikin kwamfuta. Akwai manhajar kyauta mai suna scrcpy da ke nuna allon wayar Android a kan kwamfuta ta kebul, ka riƙa sarrafa ta da linzami da madannai. Windows na da Phone Link, wadda ke buɗe manhajojin wasu wayoyin, musamman na Samsung. Masu Mac da iPhone sun samu irin wannan a macOS Sequoia da ya fito a 2024. Akwai kuma manhajojin da ke kwaikwayon Android a cikin kwamfuta, irin su BlueStacks, sai dai suna da nauyi, kuma haɗin farko da ke buƙatar Bluetooth ko kyamara ba ya yiwuwa da su yadda ya kamata. Tsarin da Microsoft ya yi na gudanar da manhajojin Android kai-tsaye a Windows 11 kuwa, an daina tallafa masa tun Maris na 2025, kada ka ɓata lokacinka a kansa. In scrcpy ta yi maka, ka tsaya a kanta. Ran da za ka sake sayen rauta kuma, ka tambaya ko tana da shafin burauza kafin ka biya.

TAMBAYA: Malam data na ƙarewa kamar ana kwasa da cokali. Ina zargin yaran maƙwabta. Na toshe wata waya ta manhaja, washegari ta dawo da wani suna. Ta kwamfuta zan fi iya kama su?

AMSA: Za ka fi gani sosai, wannan kam babu shakka. A shafin akwai jerin na'urorin da ke haɗe, wani wurin an rubuta “Connected devices”, wani wurin “DHCP clients”. A faffaɗan allo za ka ga sunan kowace da lambarta a layi ɗaya. Ka kashe Wi-Fi na wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya kana lura da wadda ta ɓace a jerin, kada ka manta da talabijin. Abin da ya rage, baƙo ne.

Amma toshewa ɗaya-ɗaya wahalar banza ce yanzu. Rauta na gane na'ura ne da wata lamba da ake kira MAC, kuma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙiro lambar bogi ga kowane layi don kare sirrin mai su. Yaro mai wayo zai iya sauya tasa ya dawo maka a matsayin sabon baƙo. Ga shi kuma waya na iya nuna kalmar sirrin layin a matsayin hoton QR, mutum ɗaya ka ba, goma sun samu.

Maganin shi ne sabuwar kalmar sirri, kowa ya faɗo a lokaci guda, sai ka mayar da naka. Tsarin na karɓar haruffa 8 zuwa 63, don haka kada ka tsaya a takwas, kuma ka guji lambar wayarka ko sunan ɗanka. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun wadatar, ga sauƙin rubutawa da madannan kwamfuta. A wurin zaɓen nau'in tsaro, ɗauki WPA3 wanda ya fito a 2018 in na'urorinka sun yarda da shi, in wata tsohuwa ta ƙi, ka zaɓi haɗin WPA2 da WPA3, ko WPA2 zalla. In ka ga WEP, ka wuce shi, an daɗe da fasa shi.

Sai abin da manhajojin waya da dama ba sa nunawa, wanda shi ne dalilin da zai sa ka zauna gaban kwamfutar: WPS. An yi shi ne don a haɗa na'ura da wata lamba mai lambobi 8 ba tare da kalmar sirri ba. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta na duba lambar ne rabi-rabi, kuma ta ƙarshen ma lissafa ta ake yi daga sauran, don haka gwaji 11,000 kacal ya isa a dace. Kana iya sa kalmar sirri mai haruffa 40, a zagayo ta wannan tagar. Kashe shi. Kashe “Remote management” shi ma, in ba kana da dalilin shiga rautar daga wajen gida ba.

Tunda ka riga ka shiga, buɗe layin baƙi mai kalmar sirrinsa daban, wanda za ka riƙa ba masu ziyara kana sauyawa duk lokacin da ka ga dama, ba tare da ka sake bin talabijin da wayoyin gida ɗaya-ɗaya ba. Sannan ka leƙa sashen “Firmware”, wato manhajar da ke tafiyar da rautar kanta, ka ga ko akwai sabuntawa. Wannan kam da kebul za ka yi shi, kuma kada a kashe rautar har sai ta gama ta sake tashi da kanta. In bayan kwana biyu datar na ci gaba da zurarewa alhali jerin babu baƙo, to ka duba kwamfutar da kake kai, wataƙila Windows ne ke sauke sabuntawarsa a ɓoye. Shiga saitin layin ka kunna “Metered connection”, zai rage.