Me siffar galaksi take nunawa game da tarihinsa?

Tambaya: Malam, a hotunan sararin samaniya nakan ga wasu galaksi, wato manyan gungun taurari, da hannuwa a murɗe, wasu kuma a dunƙule. Daman haka suke tun farko, ko siffar tana canzawa?

Amsa: Tana canzawa, kuma duk abin da ya sami galaksi yakan bar tabo a jikinsa.

Masu hannuwa a murɗe, irin wanda Ranarmu take ciki da maƙwabcinmu Andiromeda, sun faro ne daga ƙaton gajimaren iskar gas mai juyawa. Ƙarfin jawowa ya riƙa tattara shi, juyawar kuma ta hana shi haɗewa wuri guda, sai ya baje ya zama faifai. Ganin siririn faifai alama ce cewa galaksin ya daɗe bai yi mummunan karo ba, domin babban karo wargaza faifai yake yi.

Hannuwan ne suka fi rikita mutane. Da taurarin cikinsu a liƙe suke da juna, da tuni sun nannaɗe sun ɓace, tunda na kusa da tsakiya sun fi saurin kammala zagaye. Bayanin da masana biyu, Lin da Shu, suka kawo a 1964 shi ne, hannun wurin cunkoso ne, kamar motoci a inda hanya ta matse: wasu na shiga, wasu na fita, cunkoson yana nan. A wurin gas yake matsuwa ya haifi sabbin taurari masu zafi da shuɗin haske, shi ya sa hannuwan suke shuɗi-shuɗi.

Na dunƙulen kuwa, irin su wanda ake kira M87, taurarinsu tsofaffi ne jajaye, gas mai sanyi ya kusa ƙare musu, kuma kowane tauraro na bin tasa hanyar. Manyansu galibi sakamakon haɗewar galaksi biyu ne ko fiye. A 1972 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka nuna da kwamfuta yadda irin wannan gamuwa take fizgo dogayen jeloli na taurari. Taurarin kansu da wuya su yi karo, sarari ya yi yawa a tsakaninsu. Hanyoyinsu ne suke hargitsewa.

Masanin taurari Edwin Hubble ne ya kasa galaksi rukuni-rukuni a 1926, amma kada a ɗauki jerin nasa a matsayin matakan girma daga dunƙule zuwa murɗe. Sau da yawa akasin haka ake samu.

Hujja mafi ƙarfi a wurina cewa siffar tana canzawa ita ce nisa. Hasken Andiromeda shekara miliyan 2.5 yake yi kafin ya iso mu, don haka wanda ya hangi nesa, yadda abin yake a zamanin da yake gani. Hoton da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka a 1995 ya nuna galaksi na can nesa ƙanana ne, da yawansu ba tsari. Sai dai na'urar James Webb, da aka harba a 2021, ta gano masu faifai tun da wuri fiye da yadda aka zata, kuma masana na ta gyara lissafinsu a kan haka.