Kwastoma ta nemi tiren sharkutiri: me za ki zuba, nawa za ki caja?

Wata mai sana'ar abincin taro a Abuja ce ta aiko da tambaya. Ta ce kwastomomi biyu sun turo mata hoton wani faffaɗan katako da aka jera yankakken nama, cuku da 'ya'yan itace a kai, wai sunansa sharkutiri. Ɗaya tana son irinsa a walimar ofis, ɗayar a wajen kamu. Ba ta san naman da ake sawa ba, ba ta san yadda za ta yanke kuɗi ba. Shin ta karɓi aikin ko ta bari?

Hajiya, ki karɓa, amma da sikeli a hannu. Wannan tire akwai riba a cikinsa, domin babu girki mai yawa, ba ya cin gas, kuma mutum biyu sun isa su haɗa na baƙi hamsin. Sai dai kusan duk abin da ke kansa ana sayensa ne da giram, kuma zafi na lalata shi da wuri. Wadda ta zuba da ido, kamar yadda ake zuba shinkafa a kula, ita ce za ta gama biki ta tarar ta yi wa mutane aikin sadaka.

Ki fara sanin abin da ke cikin hoton nan, don kada ki sayo abin da ba za ki iya ajiye wa Musulmi ba. A Faransa sharkutiri sana'a ce ta masu sarrafa nama da gishiri, hayaƙi da shanya, suna da ƙungiyarsu a Paris tun ƙarni na 15, kuma ginshiƙin sana'ar naman alade ne. Haka yake a Italiya da Sifen. Prosciutto na garin Parma cinyar alade ce da aka yi wa gishiri aka rataye ta sama da shekara. Jamón da chorizo na Sifen, da pancetta, da galibin salami (niƙaƙƙen nama da ake cusawa a hanji a busar), duk alade ne. Wannan jan naman mai laushi da kike gani an nannaɗe shi kamar fure a hoto, mafi yawan lokaci ɗaya ne daga cikinsu.

Akwai na naman sa a cikin dangin. Bresaola na yankin Valtellina a arewacin Italiya tsoka ce zalla ta sa. Cecina na León a Sifen ana yi masa hayaƙi sannan a shanya shi wata bakwai ko fiye. Basturma, wanda garin Kayseri na Turkiyya ya yi suna a kai, kuma ake ci sosai a Masar, ana lulluɓe shi da kwaɓin hulba, tafarnuwa da jan barkono. Biltong na Afirka ta Kudu ana jiƙa shi da khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, kafin a busar. Amma kasancewarsa naman sa ba ta wadatar ba. Sai an yi yanka, kuma wasu masu yin bresaola suna jiƙa shi da giyar inabi, wani salamin da aka rubuta na sa ne kuma an cusa shi a hanjin alade ko an haɗa masa kitsensa. Idan babu tambarin halal daga hukumar da kika yarda da ita, ki mayar da shi kan kanta. Sannan naman sa, har da busasshe, yana cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta hana shigo da su, saboda haka abin da kike gani a wasu manyan kantuna yau akwai, gobe babu, farashinsa kuma yana bin dala. Ba a gina sana'a a kan kayan da ba ki da tabbacin samu ranar da aka yi miki oda.

Abin da ya kamata ki ɗauka daga Turawan shi ne dabarar haɗin, domin ita ce ake biya. Naman da aka adana da gishiri yana da nauyi a baki. Yanka uku ko huɗu, harshe ya gaji. Duk sauran abubuwan da ke kan katakon an sa su ne don a iya ci gaba da ci. Abu mai tsami yana wanke maiƙo, shi ya sa Faransawa ba sa ajiye naman ba tare da ƙananan kokwamba da aka tsuma a khal ba, da mustad mai hawa hanci. Abu mai zaƙi yana kwantar da gishiri, shi ya sa Italiyawa ke cin prosciutto da kankana irin ta malo ko ɓaure. Burodi marar ɗanɗano yana hutar da baki tsakanin loma da loma. Gyaɗa da danginta suna kawo ƙaras-ƙaras a tsakanin abubuwa masu laushi. Idan tirenki ya cika waɗannan guraben, ya yi aikinsa ko da babu ko yanki ɗaya daga Turai.

Ga naman, kina da kilishi, wanda ba ya jin kunyar zama kusa da kowane busasshen nama na duniya. Ki samu mai yi guda ɗaya amintacce, a Area 1 nan Abuja ko daga Agadasawa a Kano, ki daidaita da shi kan kauri da yawan yaji. Ki nemi iri biyu: ja mai labu da yaji, da fari mai sauƙin barkono don baƙin da ba su saba ba. Na tire ana so ya zama sabon gashi wanda yake lanƙwasuwa, a yanka shi da almakashi tsawon yatsa biyu. Wanda ya bushe ƙayau yana farfashewa, ki sayi kilo guda ki tarar kashi ɗaya cikin biyar ya zama gari a ƙasan leda. Na biyu dambun nama, a ƙaramin akushi da cokalinsa. Faransawa suna da makamancinsa da suke shafawa a burodi, don haka ba baƙo ba ne a kan katakon. Na uku nama mai laushi da za a iya nannaɗewa don ado: tsokar cinyar sa da kika gasa a oben, kika bar ta ta kwana a firiji, kika yanka siriri da wuƙa mai kaifi tana da sanyi. Da ɗumi ba ta yankuwa, yagewa take yi.

Cuku shi ne zai fi cin kuɗinki, don haka iri biyu sun isa, uku idan taron babba ne. Ki zaɓi masu tauri irin cheddar da gouda, su ne suke jure ɗaki. Masu laushi irin brie suna da kyau a hoto, amma a zafinmu kafin a gama addu'ar buɗe taro sun narke sun bi katako. Ki duba tambarin halal a nan ma, saboda wasu ana daskarar da madararsu da sinadarin da aka ciro daga cikin ɗan maraƙi. Warar nono ta Fulani, wadda ake daskararwa da ruwan tumfafiya, idan aka yanka ta ƙanana aka soya ta yi ja, tana cike gurbi ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Busasshen cukun Nijar ma, wanda ake ci da shayi, yana shiga idan kina da mai kawo miki.

Tsamin ki yi shi da kanki, kwana ɗaya kafin taro. Kofi ɗaya na khal, kofi ɗaya na ruwa, babban cokali ɗaya na gishiri, biyu na sukari, ki tafasa ki zuba a kan yankakken kokwamba, karas da albasa a kwalba mai tsabta. Idan ya huce ki sa a firiji, yana kai mako biyu. Ki tsane shi sosai kafin ya hau tire. Zaƙin kuwa dabino da aka cire wa ƙwallo, zuma a ɗan kofi, inabi, da tuffa da aka shafa wa ruwan lemon tsami don kada ta yi duhu. Da rani akwai sitiroberin Jos, yana ƙawata tire fiye da kuɗinsa. Sai soyayyiyar gyaɗa, yazawa da aya, da gurasa da aka yanka aka gasa ta yi ƙaras. Turawa suna bi da giyar inabi. Ke ki ajiye zoɓo mai ƙarancin sukari ko ruwan tsamiya mai sanyi, tsaminsu yana yin aikin da ake bukata.

Yanzu lissafi. Idan tiren na taɓa-ka-lashe ne kafin babban abinci, a Turai ana ƙiyasta giram 60 zuwa 80 na nama ga kowane mutum. Kilishi ya fi nasu bushewa da ƙarfin yaji, don haka ba a cin da yawa. Ga baƙi 20, ki auna kilishi giram 500, dambu giram 300, gasasshen nama giram 500, cuku giram 900, kayan tsami giram 400, gyaɗa da yazawa giram 300, dabino 40, 'ya'yan itace kilo ɗaya da rabi, gurasa ko biskit marar zaƙi yanka huɗu ga kowa. Idan tiren shi ne abincin gaba ɗaya, ki ninka nama, cuku da gurasa. Ki tambayi wannan tun kafin ki faɗi kuɗi, domin nan ne rigima take tashi: uwar biki ta biya na ɗanɗano, ta gayyato mutane da yunwar rana.

Farashin kasuwa yana motsi, don haka alƙaluman nan misali ne kawai, ki sa naki. A ce kayan ci sun tashi naira 90,000. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari na asara, wato 9,000, don garin kilishi, inabin da ya ruɓe da gefen cukun da aka datse. Takardar shimfiɗa, tsinken ɗauka, ƙanƙara da mota 15,000, yarinyar aiki 10,000. Kin kashe 124,000. Masu abincin taro sukan so kayan ci su tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka caja, wato 270,000 ke nan, 13,500 a kan kowane mutum. Ragowar 146,000 ba duka ba ne riba, a ciki akwai haya, man janareta, katako da wahalarki. Idan aka matsa da ciniki, kada ki sauka ƙasa da ninki biyu da rabi na kuɗin kaya, 225,000. Mai son ƙasa da haka, a rage mata cuku a ƙara dabino da wara, farashin ya sauka tare da kayan.

Akwai wata ɓarakar da ba ta fitowa a takarda. Kin sayi dunƙulen cuku na kilo guda, kin yi amfani da giram 400, saura yana firiji yana jiran odar da ba ta zo ba, ga wuta tana ɗaukewa. Wannan ragowar ko dai ki ɗora kuɗinta a kan odar farko, ko ki ƙayyade mafi ƙarancin oda, misali mutum 15, ko ki tara odar ƙananan akwatuna na mutum biyu zuwa huɗu a rana ɗaya a mako, yadda duk abin da aka buɗe zai ƙare.

Zafi shi ne babban abokin gabarki. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce nama da cuku kada su wuce awa biyu a waje da firiji, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya. A watan Maris da Afirilu taron da aka yi a ƙarƙashin rumfa ya wuce wannan ma'auni. Kilishi, gyaɗa da dabino suna jurewa, amma gasasshen nama, wara da cuku ba sa yi. Maganinsa ki raba kayan gida biyu, ki fitar da rabi, rabi ya zauna a kula da ƙanƙara, bayan awa ɗaya ki sauya. Ki rubuta wa kwastoma lokacin da za a ɗauke tire, kuma abin da ya sha rana kada ya koma firijinki don wata oda.

Wajen jerawa, ki shimfiɗa takardar gashi a kan katako, domin itace yana shan maiƙo da warin albasa. Ki fara ajiye ƙananan kwanukan zuma, tsami da dambu, sannan cuku, sannan nama, 'ya'yan itace su cike guraben da suka rage. Kilishi kada ya taɓa abu mai ruwa, yana jan danshi ya yi laƙwas, labunsa ya ɓata na kusa da shi. Gurasa da biskit sai an isa wurin taro za su hau, a firiji suna yin taushi. Da hunturu kuma iska tana busar da gefen yankakken nama cikin mintuna, ki rufe da leda mai manne wa har baƙi su zauna. Ki sa ɗan kati da ke nuna akwai gyaɗa a kilishi, musamman a walimar ofis, domin akwai waɗanda gyaɗa ke kai su asibiti.

Wataƙila wani zai ba ki shawarar ki riƙa yin bresaola ko salami a gida don rage kuɗi. Kada ki fara. Ana rataye su makonni a wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 15 da danshin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ba yankewa, naman kuma yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Ana sa musu wani gishiri na musamman mai sinadarin naitirait, wajen giram biyu da rabi a kilo guda na nama. Idan ya yi kaɗan, ƙwayar cutar da ke shanye jiki tana iya tsira a cikin naman ba tare da wari ko canjin launi ba, idan ya yi yawa shi kansa guba ne. Kilishi ya tsira daga wannan saboda sirantarsa, rana tana busar da shi da wuri, wuta kuma ta gasa shi.

Kafin ki amsa wa matan nan biyu, ki haɗa na mutum shida a gida, ki auna komai kafin ci da bayan ci, ki ga abin da aka cinye da abin da aka bari, ki ɗauki hotonsa da hasken rana. Wannan hoton za ki tura musu, ba wanda suka turo ba, tare da jerin abin da ke ciki da nauyinsa. Ki karɓi kashi 70 cikin ɗari kwana uku kafin taro, domin kayan nan ba a mayar wa mai kanti, kuma ki karɓi kuɗin ajiya a kan katako da kwanuka, a mayar idan sun dawo lafiya.